Tiyatar Gina Azzakari: Abin da Likitoci Suka Cimma da Inda Aikin Ke Cizawa

 Shirin musamman na wannan mako ya ɗauko batun da kunya ta daɗe tana rufe bakin mutane a kansa, wato tiyatar da likitoci ke yi domin gina azzakari ga mutumin da ba shi da shi, ko dai saboda ya rasa shi ta hanyar rauni, ko saboda an haife shi da halittar da ba ta kammala ba, ko kuma saboda an haife shi da jikin mace amma yana jin kansa namiji kuma yana rayuwa a matsayin namiji. Tun da magana ce ta likitanci, za a ambaci gaɓoɓin jiki da sunayensu, saboda haka ana shawartar iyaye da su lura da ƙananan yaran da ke kusa da rediyo.

Mai sauraro a Batsari ko Ruma, ko a Safana da Runka, zai iya tambayar abin da ya haɗa shi da aikin da aka fi yi a manyan asibitocin Turai da Amurka. Amsar ita ce, mafi yawan abin da likitocin duniya suka sani a yau game da gina azzakari sun koye shi ne daga rukuni na uku da aka ambata, wato masu sauya jinsi daga mace zuwa namiji, domin su ne aka fi yi wa wannan tiyata, kuma su ne aka fi bin diddigin lafiyarsu bayan an yi. Wannan ilimi kuwa shi ne likita a Katsina ko Kano ko Zariya ko Sakkwato ke dogara da shi a ranar da aka kawo masa yaron da aska ta yi wa ɓarna wajen kaciya, ko jaririn da ungozoma ta kasa faɗa wa dangi ko namiji ne ko mace.

Likitan farko da ya gina cikakken azzakari shi ne Nikolai Bogoraz na ƙasar Rasha, a shekarar 1936, inda ya naɗe fatar cikin majiyyaci ya kuma sanya guringuntsin haƙarƙari a ciki domin ya ba shi ƙarfi. Shekara goma bayan haka, Harold Gillies, ɗan asalin ƙasar Niyu Zilan wanda ya yi suna a Ingila wajen gyara fuskokin sojojin da aka raunata a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fara yi wa Michael Dillon aiki, kuma Dillon shi ne mutum na farko da aka haifa da jikin mace aka gina masa azzakari. Aikin ya ɗauki daga 1946 zuwa 1949, aka shiga da shi ɗakin tiyata sau 13, abin da ke nuna tun daga farko cewa wannan ba tiyatar yini guda ba ce. Babban sauyi ya zo ne a 1984, lokacin da likitoci biyu na birnin Shanghai a ƙasar Sin, Chang da Hwang, suka bayyana hanyar da har yau ita aka fi bi.

A wannan hanya, likita yana ɗebo fata da kitsen da ke ƙarƙashinta daga hannun majiyyaci, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, tare da jijiyar jini mai bugawa wadda ake taɓawa idan ana duba bugun zuciya, da jijiyoyin da ke mayar da jini, da kuma jijiyoyin ji. Kafin a kai ga haka, sai an danne jijiyoyin wuyan hannu biyu an saki ɗaya, an ga ko tafin hannun zai dawo da launinsa, domin a tabbatar cewa hannun zai rayu da jijiyar da ta rage. Ana kuma cire gashin wurin tun watanni kafin aikin, saboda gashin da ya tsiro a cikin hanyar fitsari yana tara tsakuwa da ƙwayoyin cuta, sannan ana buƙatar mai shan taba ya daina, domin taba na tsuke ƙananan jijiyoyin da sabon naman zai rayu da su. Idan an ɗebo fatar, sai a naɗe siririn gefenta ya zama bututun fitsari, sannan a naɗe ragowar a kansa kamar yadda ake naɗe tabarma a kan sanda, ta yadda za a samu bututu a cikin bututu. Daga nan sai a ɗinke jijiyoyin jinin da na gindin cinya ko na ƙasan ciki a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, da zaren da ya fi gashin kai siranta, a kuma haɗa jijiyoyin ji da na wurin. Hannun da aka ɗebi fatar ana rufe shi da wata siririyar fata da aka yanko daga cinya, kuma tabon da ke saura a wurin babba ne, ba ya ɓoyuwa sai da doguwar riga. Wannan tabo na daga cikin dalilan da suka sa wasu cibiyoyi ke ɗebo naman daga gefen cinya, wasu kuma, kamar likitocin birnin Belgired na ƙasar Sabiya, daga gefen baya.

Ɗaya daga cikin manyan rahotannin da ake kafa hujja da su ya fito ne daga asibitin jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam a 2009, inda Stan Monstrey da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon mutum 287 da suka yi wa aikin da fatar hannu, mafi yawansu masu sauya jinsi. Naman da aka dasa ya mutu gaba ɗaya a mutum 2 kacal, wanda babbar nasara ce idan aka yi la'akari da cewa rayuwar naman duka ta rataya ne a kan ɗinkin jijiyoyi 'yan ƙanana. Amma kashi 41 cikin 100 sun gamu da matsala a hanyar fitsari. Wannan adadi ya fito ne daga hannun ƙwararrun da suka shafe shekaru suna aikin, a asibitin da ba a ɗauke wuta, ba a rasa jini ko magani, kuma majiyyaci na iya dawowa duk ranar da ya ga abin da bai gane ba.

A nan gizo ke saƙa, kuma dalilin yana cikin halittar jiki. Hanyar fitsarin mace ba ta wuce kimanin santimita 4 ba, ta namiji kuwa tana kaiwa kimanin santimita 20, saboda haka dole likita ya ƙirƙiri dogon bututu daga naman da ba a halicce shi domin ɗaukar fitsari ba, ya kuma haɗa shi da tsohuwar hanya a daidai wurin da bututun ke lanƙwasa, inda ƙarfin fitsari ya fi bugawa kuma jini ya fi ƙaranci. Matsala iri biyu ce ke biyo baya. Ta farko ita ce yoyo, wato ɗinkin ya buɗe fitsari ya riƙa fita ta wata kafa da ba ta dace ba, kuma ƙananan kafofi sukan toshe da kansu idan aka bar robar fitsari na wasu makonni, manya kuwa sai an sake ɗinkewa. Ta biyu ita ce tsukewa, wato tabo ya taru a cikin bututun har hanya ta ƙuntata, fitsari ya riƙa fita siriri da yunƙuri, wani lokaci ya tsaya cik. Tsukewa ta fi yoyo wahalar magani, domin ba ta warkewa da kanta, kuma takan dawo bayan an buɗe ta.

Mutanen Batsari ba baƙi ba ne ga maganar yoyon fitsari, domin a kan hanyarsu ta shiga Katsina ne asibitin Babbar Ruga yake, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo a 1983 domin kula da kutare, ya tarar da mata masu yoyon fitsari sakamakon doguwar naƙuda, ya koma ɗinke su har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Dalilin yoyon matan daban ne, amma darasin da likitocin yoyo suka daɗe suna nanatawa ɗaya ne da na likitocin Gent, cewa ɗinkin farko shi ne ya fi samun damar kamawa, kuma duk wanda ya biyo baya yana faɗawa ne a kan tabo, wanda jini ba ya ratsa shi sosai. Wannan ne ya sa gaggawar kai majiyyaci wurin wanda bai ƙware ba, domin kawai shi ne a kusa, takan jawo asarar da ba a iya mayarwa.

Game da ji kuwa, jijiyar da aka ɗinke tana tsirowa ne a hankali, kimanin milimita 1 a rana, shi ya sa ake ɗaukar watanni da yawa, sau da yawa har shekara, kafin mutum ya fara jin taɓi a ƙarshen sabuwar gaɓar. Wannan jira yana da muhimmanci saboda mataki na gaba. Azzakarin halitta yana da wasu sassa biyu masu kama jini waɗanda wata kakkaurar fata ta lulluɓe, kuma su ne ke sa shi miƙewa, amma wanda aka gina da fata da kitse ba shi da su, don haka ba ya miƙewa da kansa. Sai an sanya masa wata na'ura a ciki, ko dai sanda mai lanƙwasuwa ko kuma bututun da ake cika shi da ruwa ta hanyar matsa wani ɗan famfo da aka ɓoye a jakar maraina. Idan aka sanya na'urar kafin ji ya dawo, tana iya huda fata ta fito ba tare da mutum ya sani ba. Ko da an jira, waɗannan na'urori an ƙera su ne tun asali domin mazan da gaɓarsu ke nan amma ta daina aiki, saboda haka a cikin naman da aka dasa sun fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, ko gocewa, ko lalacewa, kuma mutane da yawa sukan koma ɗakin tiyata domin a gyara ko a sauya.

Duk da wannan jerin wahalhalu, binciken da aka yi a cibiyoyi daban-daban ya nuna cewa mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin suna iya yin fitsari ta ƙarshen gaɓar bayan an kammala gyare-gyare, suna samun ji, kuma suna cewa sun gamsu. Ya kamata a karɓi wannan magana da gaske, domin mutumin da ya jure tiyata uku ko huɗu ya kuma ce bai yi da-na-sani ba, ya san nauyin abin da yake ɗauke da shi kafin aikin. Ya kamata kuma a san iyakarta, domin yawancin rahotannin likitocin da suka yi aikin ne suka rubuta su, kowace cibiya da irin ma'auninta, kuma waɗanda suka daina zuwa asibiti ba a cika jin ta bakinsu ba. Likitan kirki, ko a Gent ko a Kano, shi ne wanda ke zaunar da majiyyaci ya faɗa masa adadin matsalolin tun kafin a sa hannu a takarda.

A ƙasar Hausa mutane kan haɗa abubuwa biyu da likitanci da fiƙihu duka suka raba. Mai sauya jinsi jikinsa cikakke ne na mace ko na namiji, abin da ke damunsa shi ne rashin jituwa tsakanin jikin da yadda yake jin kansa. Mata-maza kuwa, wanda malamai ke kira hunsa, an haife shi ne da al'aurar da ba ta fito sarai ta ɓangare guda ba. Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan hali, har ma littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamai na Katsina, ya rufe ne da hukuncin gadon hunsa. A 1989 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa ya halatta a yi wa hunsa tiyata domin a bayyanar da jinsin da ya rinjaya a jikinsa, ta kuma haramta sauya jinsin wanda halittarsa ta cika, kuma wannan shi ne ra'ayin da ya rinjaya a tsakanin malaman Sunna, alhali a ƙasar Iran Ayatullahi Khumaini ya ba da fatawar halatta sauyin tun a shekarun 1980. Abin da wannan ke nufi ga iyaye a Safana shi ne, babu wani dalili na addini da zai sa a ɓoye jaririn da aka haifa mata-maza a ƙuryar ɗaki, kuma babu hujjar tsangwama ko wulaƙanta kowane ɗan Adam saboda halin da ya tsinci kansa a ciki.

Ɓoyewar ma tana iya kashewa. Ɗaya daga cikin sanannun dalilan halin mata-maza shi ne wata cuta ta ƙullin da ke zaune a saman ƙoda, wadda ke sa jikin jaririya mace ya samar da sinadarin maza fiye da kima tun tana ciki, har ɗan tsakanta ya girma ya yi kama da azzakari. Yawancin masu nau'in cutar mai tsanani suna zubar da gishirin jiki, sai a ga jariri a mako na biyu ko na uku yana amai, ya ƙi nono, ya yi laushi, kuma idan ba a ba shi magani ba yana iya rasuwa, alhali maganin ƙwaya ce da ake sha kullum. Akwai kuma wani hali na daban, wanda likita Julianne Imperato-McGinley ta bayyana a 1974 bayan bincike a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, inda ake haifar yaro namiji da kamannin mace, a rene shi a matsayin mace, sai lokacin balaga murya ta buɗe gaɓa ta girma. A al'adar Hausawa kwana bakwai kawai iyaye ke da shi kafin a yanka rago a raɗa suna, kuma wannan matsi yakan sa a yanke hukunci da ido, alhali gwajin jini da hoton ciki ne kaɗai ke iya nuna abin da ke ciki. Jinkirta bayyana jinsi na 'yan makonni ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sauya wa yarinya suna da sutura tana da shekara 14.

Tarihin likitanci ya riga ya nuna illar gaggawa. A ƙasar Kanada, a 1966, na'urar kaciya mai aiki da lantarki ta ƙone azzakarin wani jariri, David Reimer, sai masanin halayyar ɗan Adam John Money ya shawarci iyayensa da su rene shi a matsayin mace, bisa tunanin cewa gina farji ya fi gina azzakari sauƙi kuma tarbiyya za ta yi sauran aikin. Yaron bai taɓa karɓar hakan ba, ya koma rayuwar namiji yana matashi, aka yi masa tiyatar gina azzakari, ya kuma kashe kansa a 2004. Tun bayan bayyanar labarinsa likitoci suka ja da baya daga wannan hanya, kuma a yau yaron da ya rasa gaɓarsa ta hanyar rauni ana renonsa a matsayin namijin da yake, a jira ya girma a gina masa.

Kaciya a karkarar Katsina an fi yin ta da hunturu, bayan an kawar da amfanin gona, kuma wanzamai da yawa sun gaji sana'ar sun kuma iya ta, sannan ɓarna na faruwa a hannun ma'aikacin asibitin da bai ƙware ba kamar yadda take faruwa a hannun wanzamin da bai ƙware ba. Abu biyu ne ya kamata kowane sarkin aska da kowane uba su riƙe. Na farko, yaron da aka haifa kafar fitsarinsa tana ƙasan azzakari maimakon a tsakiyar kai, wanda yakan faru ga kimanin ɗaya cikin yara maza 200 zuwa 300, kada a yi masa kaciya sai likita ya gan shi, domin loɓar da za a yanke a yar ita ce sau da yawa ake amfani da ita wajen gyaran. Alamarsa ita ce loɓar ta taru a sama ta bar ƙasa a buɗe, gaɓar kuma takan lanƙwasa ƙasa. Na biyu, idan aska ta zarce ta yanke kan kaciya ko wani sashe na gaɓar, kada a binne abin da ya yanke kuma kada a zuba toka ko garin magani a kan raunin. A danne wurin da tsumma mai tsabta domin jini ya tsaya, a naɗe guntun da ya yanke a tsumma mai danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar a cikin ruwan sanyi ko ruwan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye ba, sannan a kama hanyar babban asibiti nan take. Naman da aka sanyaya yana jure awanni da yawa fiye da wanda aka bari a zafi, kuma gaɓar da aka mayar ta kama ta fi duk wadda likita zai gina daga fatar hannu, domin tana da hanyar fitsarinta da jijiyoyinta na asali.

Wannan shawara tana da nauyi na musamman a yankin da ke bakin dajin Rugu, inda hare-haren 'yan bindiga na shekaru suka raba mutane da ƙauyukansu suka kuma sa tafiyar dare ta zama kasada. Kaciyar da aka yi da sassafe, a ranar da mota ke zirga-zirga zuwa Katsina ko Dutsin-Ma, ta bar wa iyaye yini guda na neman taimako idan wani abu ya faru, wadda aka yi da yamma kuwa tana iya cinye awannin da likita ke buƙata.

Afirka ta Kudu, inda samari da dama ke rasa gaɓarsu a kaciyar gargajiya, ita ce ta fara yin nasarar dashen azzakari daga mamaci zuwa rayayye, a watan Disamba na 2014, a asibitin Tygerberg na birnin Kef Tawun, ƙarƙashin jagorancin André van der Merwe, kuma wanda aka yi wa saurayi ne ɗan shekara 21. Amma dashe yana tilasta wa mutum shan magungunan danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwarsa, kuma waɗanda aka yi wa a duk duniya 'yan kaɗan ne, saboda haka ba hanya ce da talaka zai sa rai da ita ba. Abin da ya fi kusa da mutanen Katsina shi ne gyaran hanyar fitsari, kuma a nan Arewa tana da abin nunawa, domin a asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, Farfesa Isma'ila Mungadi ya yi suna wajen gyara hanyar fitsari da fatar cikin kumatu, wadda ta dace da aikin saboda ta saba da danshi, ba ta da gashi, kuma bakin da aka ɗebo ta yakan warke da wuri. Wannan ita ce dabarar da likitocin Turai ke komawa gare ta idan bututun da suka gina ya tsuke.

Hanyar da iyali daga Batsari ko Safana za su bi takan fara ne daga asibitin gwamnati mafi kusa, zuwa asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, daga nan kuma, idan aikin ya buƙaci haka, zuwa asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko Sakkwato. Tafiya ɗaya ba ta gama magana, domin hanyar fitsarin da aka gyara wa yaro ɗan shekara 3 tana iya tsukewa bayan shekaru, musamman lokacin balaga da gaɓar ke girma tabon kuma ba ya girma tare da ita. Saboda haka ana buƙatar a adana katin asibiti da takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi, a riƙa lura da kaurin fitsarin yaron da tsawon lokacin da yake ɗauka a bayan gida, a kuma mayar da shi wurin likitan da zarar fitsarin ya fara siranta ko rabuwa biyu, tun kafin ya tsaya gaba ɗaya ya taɓa ƙoda.